Maigidana ɗan Caina

Ina zaune a falon ɗana a garin Dengfeng na ƙasar Caina lokacin wasannin Olamfik, sai ga jikana Sadiku yana tsalle gaban talabijin, wai sun ci zinare.

Na ce, "Ku su wa, maigida?"

Ya ce, "Mu 'yan Caina mana, Kaka."

A nan aka haife shi, ko tuwona da tsinken cin abincin 'yan Caina yake ci. Amma ubansa ya yi shekara da shekaru yana tura kaya Kano bai zama ɗan ƙasa ba, balle yaro ya gada. A makon ne ma aka ƙi sabunta musu biza, dole su bar ƙasar.

Na ce, "To ɗan Caina, haɗa kayanka, Kano za mu."

Ya ce, "Ziyara? Yaushe za mu dawo gida?"

Jama'a, da ku ne, me za ku ce masa?