Takalmin Goggo Ya Je Neman Aiki

Malam Rilwanu yana sayar da takalma a Limawa, cikin Jimeta, a shagon da mahaifinsa ya bar masa. Ƙanwar mahaifin nasa, Goggo Kaltume, ita ke zama a bakin ƙofa tana goge kaya, tana kuma sa baki a kowane ciniki. Tun zamanin tsohon, a shagon nan ba a sayar wa mutum takalmin da aka san zai dawo yana ƙorafi a kansa.

A ƙarshen 2014, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka cika gari saboda rikici, wata malamar firamare mai suna Hadassah ta shigo sanye da silifas. Ta sha tafiya a ƙasa kafin ta samu mota, ƙafafunta duk sun kumbura. Washegari za a yi mata intabiyu a wata makaranta a Demsawo, an kuma ce kada ta zo da silifas. Da aikin nan take sa ran ciyar da 'ya'yanta.

Ta gwada lambar da ta saba sawa, ƙafa ta ƙi shiga. Ta ce a ba ta babba.

"Malama, wannan ƙafar hanya ce, ba taki ba," in ji Rilwanu. "In kumburin ya sauka takalmin zai riƙa zame miki, ki ce na cuce ki."

"To Malam, da me zan je gobe?"

Rilwanu ya kai ido kan ƙafar Goggo.

"Kai Rilwanu, kada ka soma!" in ji Goggo. "Takalmina na zuwa biki ne."

"Haba Goggo, naki ai ko kogin Binuwai sai ya haye da mutum."

"Ɗan nema! Ƙafar gidanku ce, dubi taka."

Tana mita ta shiga cikin gida, ta fito da baƙin takalmi mai rufi a leda. Hadassah ta sa, ya zauna mata daidai, ta taka zuwa bakin titi ta dawo tana dariya.

"'Yata, ban da shiga taɓo," in ji Goggo.

An ɗauke ta aikin. Sati na farko da takalmin Goggo ta shiga aji, sai da ƙafa ta koma yadda take ta zo ta sayi nata. Har yau tana koyarwa a makarantar, 'ya'yanta ma a nan suka gama firamare.