Nauyin Kujerar Hagu

A unguwarsu da ke Kajang, abu biyu aka san Rosdi da su: gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da wata tsohuwar motar Japan ruwan ɗorawa mai kujera biyu. Ranakun aiki ita ke kai matarsa Mazni makarantar da take koyarwa. Ƙarshen wata kuma ita ke shiga filin tsere na Sepang, ranar da ake buɗe wa masu motar gida su je su huce ƙishin gudu. To a nan gizo yake saƙar, domin titi na son ƙafar mota mai laushi, filin tsere kuwa sai mai tauri, wadda ba ta kwantar da mota a kwana.

Da ƙuruciya Rosdi tauri ya zaɓa. Ya sa shakazoba da sifirin waɗanda ko tsakuwa ka taka sai ka ji ta a haƙori. Ba a yi mako ba suka hau tudun rage gudu na ƙofar makaranta, shayin madarar da Mazni ta riƙe a leda ya yi tsalle ya wanke mata riga, ɗalibai na kallo. Ba ta yi faɗa ba, doka ta kafa: duk ƙafar da za a sa wa motar nan, sai ta hau tudun nan da ledar shayi, bakin ledar a buɗe. In ya zube, a mayar wa mai kaya kayansa. Rosdi ya yi ta ƙorafin cewa shi kaɗai ne a Sepang shayi ke zaɓar wa shakazoba, amma bai taɓa karya dokar ba.

Bakanikensu Boon ne, mai gareji a bayan kasuwa. Aikinsa shi ne in an sa sabuwar ƙafa, sai ya ɗora motar a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, masu motar na zaune a ciki, ya yi ta murɗa zoben sifirin har nauyi ya rabu daidai. Sauran mutane su kaɗai ake aunawa. Rosdi kuwa da Mazni ake yi, tunda ko a filin tsere tana kujerar hagu, wadda a ƙasarsu ita ce ta fasinja, hular kwano a kan ɗankwali, ba ta ihu, sai dai ta mintsine shi a gwiwa in ya makara wajen taka birki.

"Kak Mazni," in ji Boon, wato Yaya Mazni a harshensu, yana leƙen allon sikelin, "na ga alama an ci naman sallah."

"Sikelin naka ma magulmaci ne irinka. Juya allon nan kafin in sauko."

Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu. Allah bai ba su haihuwa ba, mutane kan ce motar ce 'yarsu, su kuma ba sa musu.

Ciwon daji ne ya ɗauke Mazni, cikin damina. Da aka share makoki Rosdi ya tayar da motar, tun kafin ya fita layinsu ya ji ba daidai take ba. Gefen hagu ya ɗan ɗaga, in ya karya kwana sai ta yi kamar tana neman wani abu ta rasa. Ya tsaya a kanti ya sayi buhunan shinkafa daidai nauyin matarsa, wanda ban da shi sai Boon ne ya sani, ya jera su a kujerar, ya ja musu bel. Motar ta natsu. Maƙwabta suka ɗauka sana'ar shinkafa ya fara. Sepang dai bai koma ba, don ba a barin mota ta shiga fili da kaya a kujera.

Ana nan shakazoban baya suka fara yoyon mai, dole ya nufi gareji. Boon ya baje masa kaya a tebur, ga masu laushi, ga masu tauri, ga waɗanda ake murɗa wa kai su zama yadda kake so. Rosdi ya nuna na ƙarshen ba tare da ya taɓa su ba. Da aka gama ɗaurawa aka tura motar kan sikeli, ya shiga ya zauna. Boon ya dubi buhunan, ya dubi allo, ya yi ta goge hannun da ya riga ya goge. Ya bayyana masa cewa in ya saita ta da shinkafa, ta yi sallama da fili ke nan, don ranar da aka sauke buhunan za ta iya juya masa baya a kwana. In kuma ya saita ta babu su, to ba su da sauran aiki a kujerar.

"Abang, yayana, ni ƙarfe na iya gyarawa. Kai za ka faɗa min. Mutum nawa ne a motar nan?"

Rosdi ya daɗe yana kallon sitiyari. Ruwa na dukan kwanon garejin.

"Ɗaya," ya ce.

Boon da kansa ya kwance bel ɗin. Bai ajiye buhunan a ƙasa ba, kan kujerar baƙi ya ɗora su, sannan ya durƙusa da sifana.

Ƙarshen watan Rosdi ya koma Sepang. Ya shiga da shirin motar za ta yi masa gardama, har a ransa yana fatan hakan. Ba ta yi ba. Ta shiga kowace kwana kamar an ja ta da zare, ta fita a miƙe, tun da ya saye ta bai taɓa gudu irin na ranar ba. Da ya fito abokai suka kewaye shi suna buga rufin motar. Wani sabon zuwa, wanda bai san komai ba, ya leƙo ta taga, ya kira shi da Pak, wato baba.

"Pak Rosdi, me ka rage mata ne ta koma kamar tsuntsu?"

"Ba ni na rage ba," in ji Rosdi. Bai cire hular kwanon ba sai da kowa ya watse.

Shinkafar ya kai masallacin unguwa, aka dafa wa masu buɗe baki. Ranar Litinin ya sayi shayin madara a leda, ya rataya a jikin madubi tunda babu mai riƙewa, ya bi ta ƙofar makaranta. Motar ta hau tudun ta sauka, ko ɗigo bai zuba ba. Ya gangara gindin wata bishiya ya kashe inji, ya zauna har shayin ya huce.

Yana zuwa Sepang har yanzu, sai dai a kwana ta farko kullum yakan makara da birki kaɗan. Abokansa sun yi ta yi masa gyara har sun gaji sun bari.