Bencin Bayan Coci

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, soja na kan mulki, mazajenmu suka baro duwatsun garinmu suka zo Sakkwato neman aiki, mu kuma muka biyo su da tukwane da goyo. Muka sauka Unguwar Rogo.

Ni ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni kunne. Akwai wani benci a bayan coci, gindin dogon yaro. Ranar Lahadi in an tashi, nan matan zumunta ke samuna da abin da ke cin ransu. Mu Katolika mun tashi da sanin cewa abin da aka furta wa Fada, limamin cocinmu, ko da wuƙa a wuya ba ya fita. To sai muka ɗauka bencin nan ma haka yake. Ba wanda ya koya mana. Haka kawai muka ɗauka.

Akwai wata 'yar garinmu, mijinta na jan motar dutse a kamfanin siminti na Kalambaina. Ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Tun daga nan ta daina kitso, ta daina dariya. Wata Lahadi ta zauna kusa da ni ta ce, “Yaya, rijiyar gidanmu tana kirana. In na leƙa, ba na jin tsoro.” Sai ta zana mini alamar gicciye a baki da yatsanta. “Kamar na Fada ne fa.”

Na ce to.

Daga ranar ƙafata ba ta zauna ba. Da safe in je gidanta aron rariya, da rana in mayar, da yamma in koma wai na manta ɗankwali. Ni nake ja mata ruwa, in ɗora kwano a bakin rijiya in danne da dutse. Tuwona ya yi ta ƙonewa. Maƙwabciyata Basakkwata ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke Maman yara, mi ka damunki? Ko gidan naki ƙaya aka shimfiɗa?” Na ja carbi har yatsuna suka yi sanyi, hankalina yana bakin rijiya.

A lokacin akwai wata Sista, cikin matan da suka ba da ransu ga aikin coci, da ta karanci ciwon damuwa, tana da takardar gwamnati ta duba masu shi. Na same ta a ɗakin shan magani, na yi ta kewaye: in wata ta faɗa wa wata kaza a benci, bakin ya ɗaure ko?

Ta ajiye abin da ke hannunta. “Mama, wa ya naɗa ki Fada? Mu ma muna riƙe sirri, amma dokar aikinmu ta ce in rai na cikin haɗari, a yi magana. In na yi shiru, takardata za a ƙwace. Ke me za a ƙwace miki?”

Na ce, “Amana.”

Ta ce, “Ita kuma fa?”

Na dubi ƙasa, na dubi ƙofa. Sannan na faɗi gidan.

Aka kai matar asibiti, ta sha magani, Sista ta yi ta zama da ita. Ta warke. Daga baya ita da mijinta suka koma unguwar Minanata, ta haifi 'ya'ya, na ga baftismarsu daga layin baya. Benci kuwa ya watse, don magana ta zaga cewa kunnena yana da ƙofa.

Shekaru muna coci ɗaya. In aka zo gaisuwar salama, ta ba na dama hannu, ta ba na hagu, ta tsallake ni. Ni dai ina miƙa nawa, ina kallon nata, mai rai, da zanen lalle, yana wucewa. Har yau in na ji ƙarar guga a rijiya, sai na miƙe tsaye.