Garin Ammu Mai Kayan Yaji

Shekara ashirin ina sayen kayan yaji a shagon wani tsoho Ba'indiye a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. A unguwar Mansur aka haife ni, a nan nake sayar da shayi, wurin tsohon kuma nake ɗaukar citta da kanumfari da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da ake sa wa a gahawa. Ammu nake ce masa, wato kawu. Da ƙafa ta gaza masa ya koma ƙasarsu, sai matarsa ta dinga bugo mini waya, don mun saba tun tana kawo masa abincin rana. Kullum magana ɗaya ce: "Yaushe za ki zo?" Bayan wani Hajji, da baƙi suka watse, ni da maigidana muka tafi.

Daga filin jirgi mota ta yi ta hawa da mu tana kwana, har jiri ya kama ni. Duwatsun da na sani baƙaƙe ne, ba ko ciyawa. Waɗannan kuwa ganyen shayi ya rufe su ruf, an datse shi daidai ƙugu. Garin titi ɗaya ne, kowane shago ƙamshin hel yake.

Mun tarar da Ammu a baranda, da bargo a gwiwa.

"Ahlan, Hajiya! Kin zo ki duba ko jabu nake sayar miki?"

Washegari matarsa ta ja ni bayan gida, ta nuna mini wani tsiro da ya naɗe bishiya, 'ya'yansa kore shar. Na ce ban san shi ba. Ta tsinko ɗaya ta sa mini a baki. Yaji ya tashi har hancina. Ashe masoro ne! Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da la'asar ruwa ya sauko. Ammu ya ce, "Hajiya, dafa mini shayi irin naki. Nan ba sa cika citta."

Na dafa a murhun itace, ruwa na dukan kwano. Ya kurɓa, sannan ya shiga tambaya. Mai gyaran takalmin nan yana raye? Wa ya karɓi shagon? Na ce masa an rushe layin, otal ake ginawa. Ya daɗe yana kallon kofin, idonsa ya kawo ruwa, sai ya miƙo mini ya ce in ƙara.

Kwana shida muka yi. Maigidana ya kwashi mura, ni kuwa na koyi tsinkar ganyen shayi, ko da yake matan gonar sun ce hannuna ya yi nauyi.