Tatsuniyar da Iya Ta Ƙi Rufewa

A garinmu, can bakin iyaka inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransi ta fara, da an ci tuwon yamma sai kakata Iya ta ja tabarma kusa da murhu, ta ɗauko mazari da auduga. Tana kaɗi tana ba mu tatsuniya, mu kuma muna ture juna wajen neman gefen da hayaƙi ba ya bi. Kowace ta ƙare sai ta rufe ta da kan ɓera, ta ce ƙarya ta shara mana, mu watse muna dariya. Haka ake yi. Ba a barin tatsuniya a buɗe.

Guda ɗaya ce ba ta rufewa, ta Mamman Dogo.

Mamman Dogo ɗan sandan gwamnati ne da aka ajiye a iyaka, shi da dokinsa da tsohuwar bindiga. A zamanin nan, ɓarayin mutane sun gane kan abin: su saci yaro a wannan ƙasa, su tsallaka waccan, doka ta tsaya a bakin rafi tana kallonsu. Ranar da suka ɗauke wata yarinya a bakin rijiya, mazan gari suka bi sawu har rafin, suka ja birki. Mamman Dogo bai tsaya ba. Washegari dokinsa ya shigo gari a hankali, yarinya a gaba, shi a baya ya kifa a kanta, kibiya mai dafi a haƙarƙarinsa. Bai sake ta ba sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

A nan Iya takan ajiye mazari.

"Kun san me mazan garin nan suka ce? Wai yaron Nasara ne, baƙo ne, su jira iyayen gidansa su kawo likkafani. Mutum kwance cikin rana, ƙuda na binsa!"

A ranar, ita Iya ce ta shiga ɗaki ta ɗauko farin da ta kaɗa zarensa da hannunta, wanda ta ajiye wa ranarta, ta jefa a gaban liman. Ta ce in ba namijin da zai haƙa kabari a miƙo mata fartanya. Kunya ce ta sa suka tashi.

Mukan ce, "Iya, ki rufe mana!"

"Ba zan rufe ba. Wa ya ce muku ƙarya ce? Ke, je ki tambayi uwarki wa ya ɗauko ta daga ƙetaren rafi."

Ni take nunawa. Yarinyar nan 'yarta ce, ita ta haife ni.

Na tsufa, autana Sani ya ɗauko ni ya kawo ni Tremont, wata unguwa a ƙasar Turawa, in riƙe masa yara, shi yana tuƙin tasi. Nan ba murhu, sai hita mai ƙugi da talabijin. Wata rana da yamma jikata Bilki, babbar 'yarsa, ta kunna fim ɗin kaboyi. Na ga wani mai tauraro a ƙirji ya bi ɓarayi cikin daji shi kaɗai, aka harbo shi daga kan doki. Na ce wannan fa? Da Hausarta mai karkata ta ce mashal ne, ɗan sandan gwamnatin tarayya, kuma da yawansu haka suka ƙare a zamanin da, inda doka ba ta kai ba. Na ce, "Ashe su ma suna da Mamman Dogo."

Ba banza ta kunna ba, 'yar nema. Ta gama karatu, aikin mashal ɗin take so, ubanta ya rantse ba da yawunsa ba. Ni take so in shiga tsakani.

Sani ya shigo yana huci. "Inna, kada ki biye mata. Garin nan da harbi ya fi ruwan sama yawa? Kuma wa za ta mutu dominsa? Mutanen da in sun gan ni cikin tasi ko sunana ba su iya faɗa?"

Na ce ya zauna. Ya ce fasinja na jira. Na ce su jira, ni na riga su saninsa. Na kashe talabijin na ba su labarin tun daga rijiya har fartanya. Da na kai ƙarshe ban rufe tatsuniyar ba, Sani ya sunkuyar da kai, don ya san ta tun yana goye.

Na ce, "Yanzu bakinka da na mazan bakin rafi ɗaya ne. Da Mamman Dogo ma ya tsaya tambayar 'yar wa ce, da kai da tasinka da 'yar taka ba wanda zai zo duniya."

"Inna, kashe shi fa aka yi."

"Na sani. A gidanmu aka ba da likkafanin."

Da ina ƙarama na ɗauka jarumtaka Iya take koya mana. Sai a ƙasar nan na gane bashin rai take tuna mana, kuma ba ta yarda a mai da shi abin dariyar yara ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Duk motar da ta wuce da jiniya sai in tashi in leƙa taga. Amma gidan da aka kawo wa 'ya a kan doki ba shi da bakin hana tasa.

Ranar da Bilki za ta tafi horo na kira ta ɗaki, na buɗe akwati na nuna mata farin da na taho da shi daga gida.

Na ce, "Kin ga wannan, ƙawata? Nawa ne. Iya ta ba da nata, ni ba zan ba da ba. Ki je ki yi aikinki, ki dawo ki naɗe ni a ciki."

Ta ce, "To, Kaka." Na sa mata albarka, na mai da shi akwati.