Sunan da Ke Ƙarƙashin Jakar Delu

Kowa a unguwar Zango ta Zinder ya san shagon Mai Nasara baduku, amma kaɗan ne suka san hannun da ke fitar da adon nan a cikin gida yake. Na matarsa Delu ne. Shi dai gwani ne a yankan fata da daɗin baki. Ita kuwa a gidan dukanci aka haife ta, can cikin Birni, kuma tun ba ta iya tuƙa tuwo ba ta iya riƙe basilla.

Sama da shekara ashirin ke nan, wata 'yar Japan mai tattara kayan gargajiya ta ga wata jaka a shagon, jar fata da koren ado siriri kamar gashin kai. Wata huɗu Delu ta yi a kanta. Baƙuwar ta nace sai ta ga inda ake aikin, har aka shigo da ita tsakar gida. Ta buɗe littafi, tafintan da ke tare da ita ya ce, "Tana tambaya, aikin wane ne?"

Ina mace za ta ce "ni ce" a gaban mijinta da baƙi? Delu ta sunkuyar da kai ta ce, "Na maigida ne." Ta jira ya gyara zancen. Bai gyara ba. Sai ma ya maimaita sunansa sau biyu, kada a rubuta ba daidai ba.

Bara 'yarsu Nafisa, mai aikin jinya, ta tafi ƙaro ilimi Japan. Ranakun hutu aka yi ta zagayawa da ita da sauran ɗalibai gidajen tarihi, na jiragen ƙasa, na taurari, sai wani da aka tara kayan al'ummun duniya. Nan ta yi kiciɓis da jakar a cikin gilashi, an haska mata fitila. A ƙasa an rubuta: Mai Nasara, Zinder.

Ta turo hoto a salula, sannan ta kira. "Inna, in gaya musu su gyara sunan?"

"Ki tona wa ubanki asiri a ƙasar mutane? Bar shi."

Delu ta kai hoton har bakin hancinta, ja da kore kawai ta gani sun cakuɗe. Ɗinkin ya riga ya cinye mata ido. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba baƙuwar ce ta ƙwace mata suna ba, ita ta miƙa shi da bakinta.

Mai Nasara kuwa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya sa aka wanke hoton ƙato ya rataya a shago, kowa ya shigo sai ya sha labarin Japan. Labarin ya kai kunnen masu shirya baje kolin sana'o'in hannu, suka ce a yi musu irin jakar sak, kuma ya zo ya ɗinka a gaban jama'a.

Da la'asar ya shigo da jar fata a hammata, yana ta kame-kame.

"Delu, ko za ki daure ki fara mini? In ya so a wurin taron sai in riƙe basillar kawai."

Ta laluba kwandonta ta zaro basillar da ta gada wajen ubanta, ta miƙa inda take jin muryarsa.

"Ungo, Malam. Ni yanzu ko kafar allura ba na gani. Kai kuwa har Japan an shaida aikinka ne."