Haladu Mai Asabari da Tsuntsayen Kachala

Duk wanda ya san Haladu a Mawashi, da asabari ya san shi. Kachalar bakin tafkin bayan gari yake yankowa ya saƙa, ranar kasuwa ya ɗaure a keke ya nufi Kankiya. Yawan zama cikin kachalar nan ne ya haɗa shi da wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, ba kwalliya, sai surutu kamar dillalai.

Kowa ya ɗauka iri ɗaya ne. Haladu ya ce biyu ne, ɗan wa da ɗan ƙane. Ɗaya ɗan gida ne, da damina yake rataya sheƙarsa a jikin kachala. Ɗayan ya ɗan fi shi tsawon fiffike, ba ya zuwa sai an kai amfanin gona gida. Ba ruwansa da sheƙa, ya ci ƙwari ya yi ɓulɓul, kafin ruwan fari sai ya ɓace. Shi ne Haladu ke kira ɗan ci-rani.

"Ko sallama ba ya yi maka," in ji matarsa Murja, "amma kai kullum cigiyarsa."

Bana sai ƙanensa Badaru ya sayo injin ban-ruwa, ya ce zai cinna wa kachalar wuta ya dasa albasa. Bakin tafkin kuwa gadonsu ne su biyu.

"Haba Yaya, don tsuntsun da ko miya bai isa ba?"

"Kai da kake zuwa ci-rani, ka koma ka iske an ƙone masaukinka, daɗi za ka ji?"

"Ni ai tsaraba nike kai wa mai masaukina."

"Shi ma ƙwarin da za su ci maka albasa yake cinyewa."

Badaru ya yi dariya, amma bai janye ba, iri na jiran dashe. Wuta kuma ba ta san iyaka ba, in ta kama rabonsa sai ta lashe na wansa. Haladu ya ce a ajiye ashana, shi zai share rabon Badaru da lauje.

Haka ya yi ta yanka cikin taɓo har gwiwa, kasuwa na ci ba shi, Murja na gasa mashi baya tana mita. Albasa ta samu wuri, kachalar gabas, rabon Haladu, ta tsaya.

Ranar da aka tada injin, ƙararsa ta watsa duk wani mai fiffike. Haladu ya tsaya riƙe da ƙugu. Da aka kashe, can sai wani ɗan kuka daga cikin kachala.

"Wanne ne, Yaya?"

"Rage murya. Baƙon ne, bai tahi ba."